Makarantar Da Ba Ta Da Aji: Darasi Daga Amurka

 

Batun wannan jawabi shi ne wata irin makaranta da ta yaɗu a ƙasar Amurka tun daga wajen shekarar 2000, wadda ba ta da aji, ba ta da benci, ba ta da filin wasa, ba a kuma kaɗa mata ƙararrawa da safe. Yaro yana zaune a ɗakin uwarsa gaban kwamfuta, malaminsa yana wani gari mai nisa, darasi kuwa yana zuwa ta intanet. Ana iya sa yaro cikinta tun yana rabin aji, watau yana ɗan shekara 5, ya ci gaba har aji 12, wanda shi ne ƙarshen sakandare a can, ba tare da an tara shi da 'yan ajinsu wuri guda ba sai lokacin jarrabawar jiha. Iyaye ba sa biyan ko kwabo, gama daga harajin jama'a kuɗin yake fitowa. Wanda ya ji wannan bayani zai ce ai wahalar neman ilmi ta ƙare. To, an yi shekara fiye da 20 ana gwada abin, an kashe dukiya mai yawa, an kuma auna sakamakon. Ya kamata a dubi abin da gwajin ya nuna tun kafin masu talla su iso da irinsa bakin ƙofa.

ASALIN AL'AMARIN

A Amurka yawancin makarantun gwamnati suna hannun hukumar ilmi ta gunduma, wadda take gina azuzuwa, ta ɗauki malamai, ta biya su daga kuɗin jiha da harajin gidaje. Cikin shekarar 1988 shugaban wata babbar ƙungiyar malamai ta ƙasar, Albert Shanker, ya ba da shawara a ƙyale waɗansu malamai su buɗe ƙananan makarantu inda za su gwada sababbin dabarun koyarwa, ba tare da dokokin gunduma sun ɗaure musu hannu ba. Jihar Minesota ce ta fara kafa dokar haka cikin 1991, aka buɗe makaranta ta fari a birnin St. Paul cikin 1992.

Amurkawa suna kiran irin wannan makaranta cata, watau makarantar yarjejeniya, domin bisa takardar yarjejeniya take tsaye. Hukuma ta ce wa masu makarantar: ga kuɗin jama'a, ga 'yanci ku shirya karatu yadda kuka ga ya fi, amma in wa'adi ya cika ba a ga sakamako ba, za a karɓe takardar a rufe makarantar. Cikin 2021 akwai irin waɗannan makarantu wajen 7,800, da yara kimanin miliyan 3.7. Galibinsu makarantu ne na gini kamar kowace makaranta. Reshe guda ne daga cikinsu ya koma intanet ɗungum, shi ne kuma abin dubawa a yau.

Labarin ɗaya daga cikin na farko ya isa ya nuna cewa abin da kyakkyawar niyya ya soma. A Jihar Fensilbaniya akwai wani ƙaramin gari, Midland, wanda arzikinsa duka ya dogara ga masana'antar ƙarfe. Da aka rufe masana'antar cikin 1982 sai jama'a suka watse, haraji ya karye, har aka rufe sakandaren garin cikin 1986. Daga baya sai da yaran garin suka riƙa tsallaka iyaka zuwa Jihar Ohayo neman karatu. Cikin shekarar 2000 shugaban ilmi na gundumar, Nick Trombetta, ya buɗe makarantar yarjejeniya ta intanet. Da yake intanet ba ta san iyakar gunduma ba, sai yara suka yi ta shiga daga ko'ina cikin jihar har suka haura 10,000.

'Yan kasuwa ma ba su yi barci ba. A daidai wannan lokaci aka kafa kamfanin K12, cikin masu kafa shi har da William Bennett, wanda ya yi ministan ilmi a zamanin Shugaba Ronald Reagan. Kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta Niyu Yok cikin 2007, ya sake suna zuwa Stride cikin 2020. Na biyunsa shi ne Connections Academy, wanda aka kafa cikin 2001, kamfanin Pearson na Ingila ya saye shi cikin 2011 a kan dala miliyan 400. A bisa takarda, kwamitin amintattu wanda ba ya neman riba shi ne mai makarantar. Amma sau da yawa kwamitin yakan ɗauki irin waɗannan kamfanoni kwangila su kawo darussa da kayan aiki, wani lokaci har da tafiyar da makarantar baki ɗaya, a biya su daga kuɗin yaran.

YADDA AKE KARATUN

Idan aka rubuta sunan yaro, makaranta takan aiko masa da kwamfuta da littattafai da kwalin kayan gwaji, waɗansu har su taimaka da kuɗin intanet. Darasi iri biyu ne. Akwai wanda malami yake bayarwa kai tsaye, yara suna gani suna ji suna tambaya. Akwai kuma wanda aka riga aka shirya aka ajiye, yaro ya buɗe shi lokacin da ya ga dama, ya karanta, ya amsa tambayoyi, na'ura ta ba shi maki. Na biyun nan shi ne mafi yawa. Wani bincike da cibiyar Mathematica ta fitar cikin 2015 ya nuna cewa lokacin da ɗalibin irin wannan makaranta yake samu tare da malami kai tsaye cikin mako guda bai kai wanda ɗan makarantar gini yake samu cikin yini guda ba.

To, wa yake cike wannan giɓi? A nan ne gizo yake saƙa. Makarantun suna shar'anta cewa lalle a sami wani babba a gida, galibi uwa, wanda zai zama mai jan ragamar karatun. Shi zai ta da yaro, ya zaunar da shi, ya buɗe darasin, ya bayyana masa abin da bai gane ba, ya duba aikinsa, ya rubuta sa'o'in da ya yi. Ga yaro ɗan firamare wannan aikin sa'o'i da dama ne kowace rana. Ashe ba a kawar da aikin malami ba, ɗauke shi aka yi daga aji aka ɗora wa iyaye, ba albashi, ba horo. Gidan da ke da uwa mai ilmi wadda ba ta fita aiki yana iya ɗaukar wannan kaya. Gidan da uba da uwa duk suke fita neman abinci, ko kuwa karatunsu bai yi zurfi ba, yaron shi kaɗai ake bari da na'ura. Su kansu shugabannin makarantun, da masu binciken suka tambaye su, sun ce babbar wahalarsu ita ce riƙe hankalin yara a kan karatu.

CINIKIN BIRI A SAMA

Sa'an nan ga batun kuɗi. A yawancin jihohi bisa yawan kawuna ake biyan makaranta: kowane suna a rajista yana jawo dala dubbai a shekara. A makarantar gini wannan ba shi da wuyar tabbatarwa, gama sufeto yana iya shiga aji ya ƙidaya yara da idonsa. A makarantar intanet kuwa ba ajin da za a shiga. Hukuma tana biya bisa abin da aka gaya mata, watau cinikin biri a sama.

Jihar Ohayo ta ɗanɗana kuɗarta. Akwai wata makaranta a can mai suna ECOT, wadda William Lager ya kafa cikin 2000, ta zama mafi girma a jihar. Dokar jihar ta ce a ba kowane ɗalibi karatun sa'a 920 a shekara. Da ma'aikatar ilmi ta nemi shaidar lokacin da yaran suka yi suna karatu cikin shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016, sai aka tarar makarantar ta karɓi kuɗin yara wajen 15,300, alhali kuwa wajen 6,300 kaɗai ta iya kawo wa shaida. Aka umarce ta ta maido da kimanin dala miliyan 60, aka ƙara wajen miliyan 19 na shekara mai bi. Makarantar ta kai ƙara, tana cewa ita dai aikinta ta ajiye darasi, ko yaro ya buɗe ko bai buɗe ba a biya ta. Babbar kotun jihar ta ƙi wannan hujja cikin 2018. Kafin nan ma, cikin Janairun shekarar, an rufe makarantar ana tsakiyar zangon karatu, yara wajen 12,000 suka wayi gari ba makaranta.

Shi ma Nick Trombetta na Midland bai gama lafiya ba. Cikin 2016 ya amsa laifin haɗa baki don zambar haraji, bayan an bi sawun kimanin dala miliyan 8 da aka karkatar daga kuɗin makarantar ta hanyar waɗansu kamfanoni, aka ɗaure shi wata 20 cikin 2018. A Kalifoniya kuwa, cikin 2019 aka gurfanar da shugabannin wata ƙungiyar makarantu mai suna A3, waɗanda suka riƙa tattara sunayen yara, har da na ƙungiyoyin wasanni, suna sa su a rajista suna karɓar kuɗin jiha. Manyansu biyu sun amsa laifi cikin 2021. Duk wanda ya san labarin ma'aikatan bogi a takardar albashi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan.

Ba a ce duk masu irin waɗannan makarantu macuta ne ba. Abin lura shi ne, tsarin biyan kansa yana saka wa mai tara sunaye fiye da mai koyarwa. Shi ya sa kamfanonin suke kashe kuɗi mai yawa wajen talla a talabijin da intanet, gama sabon suna kuɗi ne a hannu, yaron da ya yi shiru a ɗaki kuwa ba mai jin kukansa.

ABIN DA AWO YA NUNA

Gani ya kori ji. Cikin 2015 wata cibiyar binciken ilmi ta Jami'ar Stanford, mai suna CREDO, ta auna makarantun yarjejeniya na intanet 158 a jihohi 17 da babban birnin ƙasar. Dabarar da ta bi ita ce, kowane ɗalibin intanet a nemo masa takwarori a makarantar gini waɗanda suka yi daidai da shi a aji, da halin gida, da makin da ya ci bara, sa'an nan a dubi ci gaban kowa bayan shekara guda. Shekarar karatu a Amurka kwana 180 ce. A ma'aunin masu binciken, ɗalibin intanet ya kasa takwaransa da kwatankwacin karatun kwana 72 a fannin karatu da fahimta, a lissafi kuwa da kwana 180 cur. Watau a lissafi tamkar yaron bai je makaranta ba shekarar nan duka.

Cibiyar ta sake awo ta fitar cikin 2023. Giɓin ya ragu amma bai rufe ba: kwana 58 a karatu, kwana 124 a lissafi. Abin mamaki, a wannan bincike makarantun yarjejeniya in an haɗa su duka sun ɗan ɗara na gunduma. Ke nan aibin ba a yarjejeniyar yake ba, yana wajen raba yaro da aji. Wajen kammala sakandare ma haka abin yake. Wata cibiya ta Jami'ar Kolorado ta ƙidaya makarantun intanet na cikakken lokaci 477 a shekarar karatu ta 2019 zuwa 2020, na yarjejeniya da na gunduma, masu yara fiye da 330,000. Waɗanda suka kammala a kan lokaci kimanin kashi 55 ne bisa 100, alhali a ƙasar baki ɗaya kashi 85 ne. Duk da haka, da annobar korona ta rufe makarantu cikin 2020 sai iyaye suka yi ta tururuwa, har yawan yaran ya haura rabin miliyan.

Adalci ne a ji ta bakin masu makarantun. Sun ce yawancin yaran da ke zuwa musu da ma da matsala suka zo: wani rashin lafiya ya kwantar da shi, wani 'yan ajinsu sun matsa masa lamba har ya tsani makaranta, wata ta haihu tana ƙarama, wani an riga an bar shi a baya, kuma ma'aunin masu bincike ba ya ganin irin wannan. Akwai gaskiya a ciki. Lalle akwai yaran da wannan hanya ta cece su: mai jinya a gado, da ɗan manomi a ƙauye mai nisa, da ɗan soja wanda ake yi wa ubansa canjin wurin aiki a kai a kai, da yaro mai ƙwazo wanda aji yake ja masa baya. Amma wanda ya ci ladan kuturu tilas ya yi masa aski. Makarantar da ta karɓi yaro da kuɗinsa, ta san halin da ya zo da shi, ba ta da bakin cewa halin nan ne ya hana shi koyo.

HANYAR GYARA

Su kansu magoya bayan makarantun yarjejeniya sun ga haka. Cikin 2016 babbar ƙungiyarsu ta ƙasa, tare da waɗansu biyu, ta yi kira a rufe makarantun intanet da suka daɗe ba sakamako, a ƙayyade yawan yaran da za su ɗauka, a kuma ɗaura biyan kuɗi a kan abin da yaro ya koya. Akwai inda aka riga aka bi wannan hanya. Makarantar intanet ta Jihar Filorida, wadda gwamnati ta kafa cikin 1997, tun 2003 ba a biyanta sai ɗalibi ya kammala darasin ya ci. Haka kuma wata makarantar yarjejeniya ta Jihar Niyu Hamsha mai suna VLACS, gwargwadon abin da yaro ya nuna ya iya ake biyanta. Yawancin ɗaliban makarantun nan biyu kuwa suna zuwa makarantarsu ta gini, darasi ɗaya ko biyu suke ɗauka ta intanet don ƙari. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya yi makarantar allo, inda ba a wanke allo sai yaro ya biya wa malam karatunsa ya ji da kunnensa.

DARASI GA MAZAUNA KUDU

A Nijeriya babu tsarin makarantun yarjejeniya irin na Amurka. Amma karatu daga nesa tsohon abu ne. Dattawa suna tune da masu karatu ta gidan waya, waɗanda ake aiko wa da darussa daga Ingila. An kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna cikin 1976, tana horar da malamai suna bakin aikinsu. Jami'ar karatu daga gida, wadda aka kafa cikin 1983 aka dakatar cikin 1984, an farfaɗo da ita cikin 2002. Sai dai duk waɗannan na manya ne, waɗanda suka san abin da suke nema, suka kuma iya tsare kansu. Ɗan shekara 7 ba haka yake ba. Tun daga rufe makarantu na 2020, lokacin da jihohi suka riƙa ba da darasi ta rediyo da talabijin, karatun yara ta waya ya samu shiga. Cikin 2022 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya da UNICEF suka buɗe dandalin darussa na kyauta, makarantun kuɗi na intanet kuma suna ta talla.

Mai sana'a a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12, ko Sabon Ibadan, ko Ama Hausa ta Owerri, yana iya ganin abin da sha'awa. Kuɗin makaranta ya yi tsada, kuɗin mota ya yi tsada, iyali kuma suna kai da kawowa tsakanin Kudu da gida, karatun yara yana yankewa. Saboda haka kafin uba ya miƙa kuɗinsa, ko ya cire ɗansa daga aji, ya kamata ya nemi amsar tambaya huɗu. Ta fari, wane babba ne zai zauna da yaron kowace rana, alhali maigida yana kasuwa tun asuba, uwargida tana da nata aikin? Ta biyu, sa'a nawa a mako yaron zai yi magana da malami mai rai wanda ya san sunansa? Ta uku, wace jarrabawa makarantar take kai yaro gare ta, WAEC ko NECO ko wata, hukumar ilmi ta jiha kuma ta san da ita? Ta huɗu, in wuta ta ɗauke ko kuɗin data ya ƙare, ina karatun ranar? A kuma sani, makarantun Amurka na kyauta na mazauna jihar da ke biyan kuɗin ne kaɗai. Wanda ke wata ƙasa sai dai reshen kuɗi, da dala kuma ake biya.

Akwai kuma abin da ya shafi ɗan baƙo musamman. A aji ne yaron Sabo yake koyon Yarabanci ko Ibo da Turancin hulɗa, a nan yake samun abokai daga 'yan gari, a nan 'yan gari suke saninsa tun yana ƙarami. Abokin aji na yau shi ne ma'aikacin ofis da ɗan sanda da abokin ciniki na gobe, ranar da hankali ya tashi kuwa sanayya tana maganin abin da kuɗi ba ya yi. Yaron da aka tsare a ɗaki da na'ura ya rasa wannan duka, ya girma baƙo a garin da aka haife shi. 'Ya'ya mata su ne abin ya fi yi wa barazana, gama su za a fara cewa su zauna gida tun da ga karatu a waya, sa'an nan talla da wanke-wanke su cinye lokacin.

Ba a ce a guji na'ura ba. Darasin intanet yana da amfani ga yaron da ke zuwa makaranta, ya maimaita lissafi da dare, ya shirya wa jarrabawa, ko ya riƙe karatunsa in tafiya gida ta kama. Ƙungiyoyin unguwa ma suna iya haɗa kuɗi su sami ɗaki guda da wutar sola da malami guda mai lura, yara su taru su yi darasin tare, a san wanda ya zo da wanda bai zo ba. Amurka mai wuta dare da rana, mai kwamfuta a yawancin gidaje, ta gwada raba yaro da aji, awo kuma ya nuna abin da ya biyo baya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya raya zuriya, ya ba su ilmi mai amfani, ya ba iyaye ikon sauke nauyin da ke kansu. Wassalam.